Gwafar da Muka Sa wa Shadda

Ni tela ce, kekena yana wata rumfa kusa da tashar Matamaye, amma in kana so ka ga haƙorana a waje ka kira ni ƴar wasan kwaikwayo. Tun kafin in yi furfura ni ake ba tsohuwa mai masifa, wadda ke korar surukai da muciya. Ƴan ƙungiyarmu suna tsokanata wai ni kaɗai ce ba ta buƙatar gwaji, daga gida nake tahowa a shirye. Ban taɓa musa musu ba.

Inda muke wasan shi ne gidan al'adu na garinmu, wanda kowa ke kira gidan wasa. Gwamnati ce ta gina shi tun muna ƴan mata: babban ɗaki ne na ƙasa da aka shafe da siminti, rufinsa soro, azara a jere, da ɗan dandamali a gaba. A wurin maza ɗaki ne kawai, in babu shi sai su koma filin lakwal, wato makarantar boko, ko gindin itacen bedi. Mu mata kuwa, in babu shi babu mu. Mazajenmu sun yarda mu hau dandamali ne saboda gidan gwamnati ne, yana da katanga da ƙofa, da tuta a tsakar gida, maza gefe mata gefe. Maigidana ba mai yawan magana ba ne, sau ɗaya ya faɗa mini, kuma ba da faɗa ba. Ya ce, "Muddin cikin ɗakin nan ne, je ki. Ranar da wasa ya fito fili, kin gama." Na san shi, in ya faɗi abu a hankali haka, ba ya sake tada shi.

A da, duk bazara akan aiko mana da ɗan tallafi. Bai taka kara ya karya ba, amma yana isa a hau soro a yi yaɓe kafin ruwa, a gyara indararo, a sake wa kalangu fata. Sai tallafin ya fara ramewa. Wata shekara ya zo bayan damina ta wuce, wata shekarar ya zo rabi, daga nan sai muka riƙa jin labarinsa a rediyo kawai, inda ake ta maganar tsuke bakin aljihu. An ce ga tsaro, ga asibiti, ga abinci. Ni ba ni da ja, wanda duk ya taɓa kai mara lafiya asibiti ba zai ce a fifita ganga a kan magani ba. Sai dai shi soro bai san ana wannan lissafi ba. Ruwa ya yi ta shiga ta inda yaɓe ya zaizaye, gara ta samu azara da laima ta yi zamanta, rufin ya fara lotsawa a tsakiya kamar tsohon gadon igiya. Muka sari gwafanni muka tokare shi. Muna wasa muna zagaye su, har masu kallo suka saba, in na kori suruki da muciya sai ya ɓuya a bayan gwafa a yi ta dariya. Ni dai dariyar ba ta kai mini ciki, don in na jingina da ta tsakiya ina jin nauyin da ke kanta a kafaɗata.

Ana cikin lokacin rake, amalanke na ta shigowa gari da shi, labari ya zo cewa za a turo wani jami'i daga Damagaram ya zagaya gidajen al'adu. Abin da ya rage a kasafi ba zai ishi kowa ba, don haka inda aka fi lalacewa nan za a gyara, sauran su yi haƙuri. Wallahi rabon da in yi murna irin ta ranar har na manta. Na ce yau dai lalacewarmu ta yi rana. A taron da muka yi na miƙe na ce kada wanda ya kuskura ya share ko yanar gizo, a bar komai yadda yake, in da hali ma a ƙaro ɓeraye.

Aka yi dariya, ban da shugabanmu. Tsohon malamin lakwal ne, shi ya kafa ƙungiyar, shi ke ƙaga wasanni a kansa ya raba mana, kowa Baba yake ce masa. Ni nake yi masa facin riguna, don haka na san ko nawa gare shi, amma ba za ka taɓa ganinsa da riga ba guga ba. Ya bari dariya ta lafa, sannan ya dube ni.

"Ɗiyata, baƙo ne fa," in ji shi.

"Baba, baƙon da ya zo ganin tsumma ne. In muka ɓoye tsumman me zai gani?"

"To mu zaunar da shi a kan me? A kan wannan tabarmar da awaki suka ci? A je a ce mutanen Matamaye sun karɓi baƙo a kango?"

"Ai kangon ne, Baba."

"Na sani. Shi ma zai sani. Ɗan ƙasar nan ne, ba daga sama ya faɗo ba. Wa ya tashi a nan bai san dardumar ranar baƙo aro ce ba? In ya ga mun rufa wa kanmu asiri, mun girmama shi, shi zai gane sauran. Mutum ba sai ya yi kuka a gabansa ba."

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne na gane maganarsa sarai, don ni ma haka nake. In dangin maigidana za su zo, kwanukan maƙwabciyata nake arowa in jera, su ma sun sani aro ne, in za su tafi sai su bar mini abin da ya fi ƙarfin tuwon da suka ci, ba wanda ya ce uffan. Haka muke a garin nan. Ka tarar da mutum kwance ba ya iya ɗaga kai, ka ce yaya jiki, ya ce da sauƙi. Mai gaisuwa ne zai duba da kyau ya san abin da zai yi. Abin yana tafiya daidai in duka biyun sun san wasan. Na ce wa Baba wannan ba suruki ba ne, ma'aikaci ne da aka turo ya rage baki a akushi. Baba ya ce ai ma'aikaci ma uwa ce ta haife shi. Sauran duk suka bi bayansa, na zauna ina huci.

Daga ranar gari ya tashi tsaye, irin tashin da da an yi shi don yaɓe da tuni soron ya warke. Wani Alhaji mai shagon yadi, wanda shekara da shekaru in muka je neman taimako sai ya ce Allah ya hore, da ya ji maganar baƙo ce da sunan gari sai ga shi da kansa. Ya ba da aron dardumomin falonsa, da kujeru masu hannu, da bandir-bandir na shadda, bisa sharaɗin kada almakashi ya taɓa su. Gangunanmu duk sun yage, sai aka gayyato makaɗa daga Dungu da kayansu sababbi fil. Aka toshe tsagar bangon gabas da laka aka shafe ta da farar ƙasa. Ni kuma, mai bakin da ya fi na kowa, ni aka ɗora wa aikin da ya fi kowanne ɓata mini rai, don ni ce tela. Na haɗa farin yadi na yi rufi aka ɗaure shi a ƙarƙashin azara, lotsawar ta ɓace. Na naɗe kowace gwafa da shadda na ɗinke ta da ɗinkin da za a iya farkewa. Ina ɗinki ina zagi a zuci, amma hannu ba ya yarda ya yi mummunan aiki, sai da suka fito tamkar ginshiƙan da aka yi don ado.

Ana gobe zuwansa Baba ya zauna a kujerar da aka tanadar wa baƙo, ya duba dandamali, ya karkata hagu, ya karkata dama. Ya ce gwafar tsakiya tana tare fuska. Na ce Baba, wannan ita ce ke riƙe da ɗakin. Ya ce yini ɗaya ne, ɗakin da ya jure damina da damina ba zai gaza yini ɗaya cikin rani ba. Maza suka taru suka buge gindinta da taɓarya har ta fita. Da ta fita sai rufin ya yi wata ƴar ƙara, ba mai ƙarfi ba, irin ta gwiwar tsoho in zai zauna. Kowa ya ji, kowa ya dubi wani wuri daban. Aka kai ta bayan ɗaki aka jingine.

Baƙon ya iso bayan azahar. Saurayi ne, da ƴar jaka a hannu da idanu jajur na gajiya. Daga baya na ji cewa duk garin da ya sauka kuka ake tarbarsa da shi, ana ja masa riga ana nuna masa ɓaraka. Da ya shigo ɗakinmu sai ya tsaya a bakin ƙofa, ya dubi dardumomi, ya dubi farin rufi, ya shafa shaddar gwafa ɗaya, na ga kafaɗunsa sun sauka kamar wanda aka sauke wa kaya. Aka zaunar da shi daidai inda aka cire gwafar, Alhaji a damansa, Baba a hagunsa, yaran lakwal zube a gabansu har bakin dandamali.

Makaɗan Dungu ba su san ɗakin ba. Namu sun saba kaɗawa da rabin hannu, su kuwa sun zo nuna gwaninta. Suka saki kiɗa har ina jin sa a haƙorana. Ina tsaye a dandamali da muciyata, ina surfa wa surukin wasa masifa, idona yana kan rufi. Farin yadin da na ɗinka ya fara yin ciki a tsakiya. Ƙasa ce ke zubowa a kansa daga sama, kaɗan-kaɗan, duk bugun ganga sai cikin ya ƙara sauka. Ta wajen ɗinkin wani siririn gari ya fara tsiyaya, ya sauka a kafaɗar baƙo. Ya kakkaɓe bai ko duba sama ba. Na manta maganar da zan faɗa, abin da bai taɓa faruwa da ni ba. Na juya kan makaɗa na daka musu tsawa, na ce ku rage wannan haukan ko in farfasa muku ganguna a kai. Ɗaki ya ɗauki dariya da tafi, sun ɗauka cikin wasan ne. Makaɗan ma suka yi dariya suka ƙara wuta. Ban san yadda na kai ƙarshen wasan nan ba, abin da na sani kawai ina ta ƙirga kawunan yaran da ke ƙasa ina rasa lissafi.

Da aka gama baƙo ya miƙe. Ya fara da Faransanci, sannan ya juyo Hausa don kowa ya ji. Ya ce tunda ya fito zagaye bai ga inda ya faranta masa rai kamar nan ba. Ya ce ga mutanen da ba su zauna jiran gwamnati ba, attajiransu da talakawansu sun haɗa kai sun riƙe gidansu da kansu. Ya ce in ya koma biro, wato ofishinsu, zai ba da misali da Matamaye, don a irin wannan lokaci na matsi irinmu ake nema. Mata suka rangaɗa guɗa. Alhaji ya gyara zaman hularsa. Na dubi Baba, yana murmushi yana gyaɗa kai, har yanzu yana jiran yaron ya kashe masa ido ko ya ja shi gefe ya ce Baba na gane. Bai ja shi ba. Aka sa masa zabbi da ɗaurin rake a bayan mota, ya ɗaga mana hannu ya tafi Kance.

Washegari yaran shagon Alhaji suka zo suka naɗe dardumomi. Na farke ɗinkina, na ninke shadda. Da muka kwance farin rufin sai da mutum biyu suka kama shi saboda nauyin ƙasar da ya tara. Aka ɗauko gwafar tsakiya za a mayar da ita, ta ƙi shiga. Aka juya ta, aka karkata ta, ta ƙi. Rufin ya sauko a yini ɗayan nan, sai da aka sare mata kusan tafin hannu daga gindi sannan ta tsaya. Baba yana tsaye yana kallo, ni kuma ban ce masa ai na faɗa ba, don abin ya wuce nan.

Ba a daɗe ba muka ji gyaran ya tafi wani gari, inda aka bar baƙon ya ga komai har da jemagu. Mu kuma aka aiko mana da yabo ta bakin wani ma'aikacin magajin gari. Muka ci gaba da gwaji a ɗakin. Zafi ya shigo, mangwaro ya nuna, da yamma gabas ta fara haɗa baƙi tana watsewa. Na daina barin ƴata ta biyo ni kallo. Duk wanda ya shigo sai ya fara ɗaga kai kafin ya yi sallama, kuma ba wanda ke zama a tsakiya in ba Baba ba, shi kam da gangan yake ajiye kujerarsa a gindin gwafar.

Wata ranar kasuwa Baba yana zaune a rumfata ina ɗinke masa aljihu, sai ga mota ta tsaya, baƙon nan ya fito zai sayi ruwa. Ya gane mu, ya taho da fara'a, ya durƙusa ya gaida Baba kamar ɗan kirki, don ɗan kirkin ne.

"Baba, yaya gidan namu?"

"Lafiya lau, Mushe. Sai godiya," in ji Baba. Mushe muke ce wa ma'aikaci a nan, daga Faransanci.

"Babu wata matsala dai ko?"

"Babu komai, alhamdu lillahi."

Ƙafata ta tsaya a kan keke. Na dubi gabas, na dubi tsohon nan da rigarsa rabi a jikinsa rabi a ƙarƙashin allurata.

"Mushe," na ce, "in kana da ɗan lokaci zo ka ga lafiyar da idonka."

Baba ya ce, "Ɗiyata." Sau ɗaya ya faɗa, ƙasa-ƙasa. Na yi kamar ban ji ba, na ja mayafina na shige gaba, baƙon ya biyo ni. Baba bai zo ba.

Na buɗe masa ɗakin yadda Allah ya yi shi. Gwafanni tsirara, tsagar bango ta sake buɗe baki ta tofar da lakar da aka cusa mata, rufi ya sauko har mai tsawo zai taɓa shi. Ya hau benci ya danna azara da makullin motarsa, makullin ya shige kamar cikin dafaffen rogo, gari ya zubo masa a hannun riga. Ya sauko a hankali.

"Madam, a nan kuka zaunar da ni?"

"A nan. Wannan ta tsakiyar ma cire ta muka yi don ka ga wasa da kyau."

"Da yaran nan duka?"

"Da su."

Ya goge fuska da hannu. Na ce to yanzu ka gani, sai a yi mana gyara kafin ruwa. Ya ce Madam, babu abin da ya rage, an riga an raba, ko na baɗi ma bai san ko za a samu ba. Ya ce me ya sa ba ku faɗa mini ba a ranar? Na buɗe baki in yi masa bayanin darduma da kwanukan aro, sai na ga ban san ta inda zan fara ba. Ya sake duban rufin, ya ce abu ɗaya dai, tunda ya gani da idonsa, ba zai iya tafiya ya bar mutane suna shiga nan ba. In rufin ya faɗo kan yara, shi za a tambaya, kuma ko ba a tambaye shi ba, ba zai iya barci ba.

Kafin kasuwa ta sake zagayowa an zo an fitar da ƴan tarkacenmu tsakar gida, an sa wa ƙofar kwaɗo. Gyara yana buƙatar kasafi, kwaɗo kuwa ko a aljihun ma'aikaci ɗaya ana samun kuɗinsa. Na tsaya ina kallo ana murɗa makulli, raina yana tafasa, kuma ban san wanda zan zaga ba. Yaron ya yi daidai. Baba ba mugunta ya nufa ba. Ni kuma yara nake jiye wa.

Maza suka ce a koma filin lakwal. Da na kawo maganar a gida maigidana yana cin tuwo, ya ɗago ya dube ni kawai ya mayar da kai, na kwashe kwanuka. Sauran matan ma haka. Ranar da suka yi wasan farko a fili wani ƙato aka ɗaura wa zane aka ba shi muciya. Ina rumfata iska tana kawo mini dariyar, na yi ta taka keke ba tare da yadi a ƙarƙashin allura ba don kada in ji.

Baba bai yi mini faɗa ba, da ma ya yi. In ya biyo ta tasha yakan tsaya ya gaishe ni gaisuwa cikakkiya, yaya gida, yaya maigida, yaya yara, yaya aiki, kamar yadda ake gaida matar da ba a sani ba sosai. Rigunansa wani tela yake kai wa a cikin kasuwa.

Ruwan farko na kirki ya sauka da iska mai ƙarfi, har ya kayar da dangar maƙwabtanmu. Gari na wayewa na ɗauki mayafi na nufi gidan wasa, ina taka taɓo. Na tarar Baba ya riga ni. Yana tsaye a jikin bangon gabas, ya dafa shi da tafin hannu, gindin rigarsa duk laka. Na gaishe shi. Bai juyo ba.

"Bai faɗi ba," in ji shi.

Na ce, "Bai faɗi ba, Baba."

"Da mun ƙara damina ɗaya a ciki."

Ya sauke hannunsa, ya goge a jikin riga, ya wuce ni ya tafi. Na tsaya ina duban ɗakin, ruwa yana ɗiga daga karyayyen indararo. A nan na kama kaina ina jin haushin ganinsa a tsaye, ina so da na tarar da shi a ƙasa ko na samu abin da zan kare kaina da shi a gaban tsohon nan. Ɗakin da babu inda nake da baki in ba cikinsa ba, shi nake wa fatan rushewa. Tsoro ya kama ni, na yi a'uziyya na koma gida. Har yau yana nan tsaye da kwaɗonsa, kuma duk hadarin da ya taso daga gabas, ban san wace addu'a zan yi ba.